Sandunan Masunci

Surukina ya zo daga Gashuwa duba gonar shinkafa. Na ce zan yanke da shi ta fadama a ƙafa, ai a Nguru aka yanke cibiyata. A wani rafi na hango sanduna kafe a jere.

"Baba, alamar mashigi ce. Ku biyo ni."

Ruwa ya wuce gwiwa, ya kai ƙirji. Dattijon ya damƙe wuyan rigata yana salati. Ƙafata ta sarƙe a raga, ga shi ban iya iyo ba.

Wani masunci ya tsamo mu cikin kwalekwalensa. "Malam, alamar tarkon kifina ce. Inda ya fi zurfi nake kafawa."

Har yau in aka kawo kifi, sai Baba ya leƙa kwanon ya ce, "A duba, kada a ce mijin 'yata aka soya."