Yadda Ake Zille wa Awon Jini: Darussa daga Bunu Mai Birgi

Kai magidanci, matso kusa. Idan ka fara ajiye ɗan tumbinka na rufin asiri, kuma uwargida ta sa ka gaba da naci wai sai ka je asibiti an duba ka alhali ko mura ba ka yi, to ka faɗo hannun gwani. Ka bi matakan nan yadda na tsara su, ni kuma na yi maka alkawari za ka rabu da zaman bencin asibiti har abada. An gwada, ya yi aiki.

Ilimin ba nawa ba ne. Wurin aminina Bunu na kwaso shi, masunci daga wani ƙauye a bakin ruwa ta hanyar Guri, wanda ke kawo kifi kasuwar Haɗejiya. Idan Bunu ya miƙe cikin kwale-kwale ya wurga birgi, komar nan da ke buɗewa a sama kamar laima, har mata masu wanki sukan tsaya su kalla. Ka riƙe zancen hannun damansa, za mu dawo kansa.

1. Ka san da wa kake yi

Likitan iyali ba irin likitan da ka sani ba ne. Wancan yana jira ne ka faɗi a kawo ka. Wannan kuwa kana tafiya da ƙarfinka zai ce zo mu duba. Ina dalili?

Ta gidan Bunu sunanta Dakta Mardiyya, tana da ɗan asibitinta a bayan kasuwa. Ita ta yi wa Yakaka matarsa awon ciki, ita ta yi wa 'ya'yansa rigakafi, saboda haka har abin da ke tafasa a tukunyarsu ta sani. Wata rana Bunu ya yi gangancin raka Yakaka har ciki. Kafin ya gama gaisuwa an naɗe masa damtse.

"Baba, jininka ya hau ƙwarai," in ji likita. "In ba ka rage gishiri ka riƙa shan magani kullum ba, hannun nan da kake jefa birgi da shi wata rana zai ƙi ɗaguwa."

Darasi: in za ka raka iyali asibiti, ka tsaya wurin mai rake.

2. Ka ɗora laifin kan na'ura

Idan tsautsayi ya sa an riga an auna ka, kada ka nuna ka razana. Ka yi dariya irin ta manya. Bunu cewa ya yi, "'Yata, abin nan naki ya matse ni kamar zai tsinke mini hannu. Ko ke aka matse haka ai jininki zai fusata." Da ta sake aunawa ya ce batir ne ya yi sanyi. Da ta sa sabo ya ce na'urar ba ta saba da jinin masunta ba.

Ka lura, bai taɓa musu da likita ba. Da na'ura yake rigima, ita kuwa ba ta da bakin ramawa.

3. Ka tsare martabar miyarka

Nan ne yaƙin yake. Daga ranar nan Yakaka ta janye hannu daga gishiri da ɗanɗano, miyar kifi ta koma salam. Kada ka yi faɗa, faɗa na ƙananan ma'aikata ne. Ka ƙulla gishirinka a leda ka jefa aljihun gaba. In an ajiye tuwo ka yaba, ka ce, "Kai, yau an yi girki!" Sannan ka aike ta ɗebo ruwa mai sanyi a randar can ta ƙurya. Kafin ta dawo ka gyara abinka.

Ranar kasuwa kuma ka biya wurin mai tsire ka rama na sati. Ka goge baki sosai, yaji yana tona asiri.

4. Ka bar magani ya riƙa raguwa

Uwargida za ta riƙa duba katin ƙwayar nan, don haka dole ya ragu. Dabarar Bunu mai sauƙi ce. Kowace safiya ya ɓallo ɗaya a gaban Yakaka, ya damƙe a tafi, ya ce sai ya isa bakin ruwa ya sha da bisimilla. Yana shiga kwale-kwale sai ya sake ta, tsulum. Shi ya sa har gobe ban ji an kama tarwaɗa mai hawan jini a wajen Guri ba.

Ranar komawa awo kaɗai za ka haɗiyi ɗaya, ka bi ta da zoɓo marar sukari, ka shiga kana murmushi. In likita ta ce, "Baba, anya kana sha kullum?" ka ce, "Tambayi Yakaka."

5. Ka yi abota da ambaliya

Mu mutanen fadama Allah ya ba mu uzurin da na tudu ba su da shi. Damina na nisa, ruwa ya cinye hanya, shi ke nan ka huta. Ka buga waya da muryar takaici ka ce, "Wallahi likita na so zuwa."

Amma ka yi hattara. A daminar bara sai ga Dakta Mardiyya da ma'aikatanta cikin kwale-kwale, sun zo yi wa yara rigakafi da auna manya har ƙauye. Bunu na hango farar riga ya sulale ya shige cikin kachala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana ruwa. Yakaka ta tsaya a gaɓa tana kira.

"Malam, ka fito don girman Allah, ga jar hularka can ina gani!"

Ya cire hular ya ƙara nutsewa. Sauro ya ci rabonsa, matsattsaku suka sha nasu, amma bai fito ba sai da jirgin ya juya. Da yamma a majalisa har tafa masa muka yi.

6. Ka sa wa kowace alama wani suna

Ƙeyarka za ta riƙa sara: rana ce. Jiri in ka miƙe: yunwa ce. Ido na gani dishi-dishi: ƙyallin ruwa ne. In abin ya yi yawa ka ce bakin mutane ne, ai ka san ana hassadar kamunka.

7. Ka girbi abin da ka shuka

Da ruwa ya ja baya aka fita kamun kifi na gayya, gari duka a gaɓa. Bunu ya miƙe cikin kwale-kwale, ya karkace kamar yadda ya saba, ya ɗauko birgi zai wurga. Hannun ya ƙi. Komar ta zube a kan ƙafarsa, shi ma ya bi ta.

To ga alkawarina ya cika. Bunu ba ya zaman benci yanzu, likita ce ke zuwa ta same shi a kan tabarma. Ƙwaya kuwa Yakaka ke sa masa a baki, ta tsaya har sai ya haɗiye, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Birgin na rataye a zaure.

Na je gaishe shi. Ya sa aka sauko masa da komar, ya ɗora a cinya yana shafawa da hagu. Bakin ya karkace, sai da na sunkuya na ji abin da yake cewa.

"Da ma na fito daga kachalar nan."

Wallahi tausayi ya kama ni, sai na ce Allah ya ƙara sauƙi na tashi.

A kula

Ni dai rahoto na kawo. Duk wanda ya bi matakan nan hannunsa ya ƙi ɗaguwa, ko bakinsa ya koma gefe, kada iyalinsa su zo mini ƙofar gida, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. In kuma ka leƙa asibitin bayan kasuwa ka gan ni zaune na naɗe hannun riga, iskar fanka na shiga sha. Ka wuce kawai kada ka gaishe ni, likita ta ce ba a magana in ana awo.