Hoton Tsohon Gola

"Lafiya lau muka tashi, Amarya, sai dai gwiwa. Wannan kuma wace irin ƙatuwar laya kika rataya a wuya?"

Kaka ke nan, tsohon mai tsaron raga, yana zaune a baranda yana goge tabarau da ɗan ƙyallensa. Jikarsa ta zauna gefensa, ta miƙa masa sabuwar kyamararta, fuska ba walwala. Gobe ƙungiyar ƙwallon mata ta unguwa za ta buga wasa, kuma koci ya ce in ta kawo hoto ɗaya mai kyau aikin ɗaukar hoton ƙungiyar ya zama nata, in ba haka ba a nemi wani. Kwana uku tana gwaji a fili, abin ya ƙi.

"Kyamara ce, tsoho. A zamaninku ai da gawayi ake zana mutum."

"Mu gani. Wannan mutum ne ko aljani?"

"Na ranar farko ne. Na murɗa maɓallinta zuwa wajen alamar mutum mai gudu, yanzu tana ɗauka da sauri, hayaƙin ya tafi. Duba na gaba."

"Ga ƙafa tangaran. Ina ƙwallon?"

"Ta wuce."

"Ihu bayan hari ke nan. Na auri mace mai nawa."

"Ji mai magana. An ce lokacinka raga ta fi ka kama ƙwallo."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ni da na taɓa cafke bugun fanareti da hannu ɗaya, ɗayan ina shan shayi?"

"Ina hoton?"

Shekara goma sha tara Kaka ya yi a bakin raga, har yau tsofaffin unguwa Gola suke kiransa, amma ko hoto ɗaya ba a taɓa ɗaukarsa yana wasa ba. Ta san haka sarai, bakinta ne ya riga ta, sai kunya ta kama ta.

Ya miƙe da ƙyar, ya janyo wata tsohuwar ƙwallo daga ƙarƙashin benci, ya fuskanci bango.

"Matsalarki ƙwallo kike bi da ido. Gola ba ya kallon ƙwallo, ƙafar mai bugu yake kallo. In kika bari sai kin gani sannan ki danna, kin makara. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi. Kafaɗata za ki kalla. Da ta motsa ki danna, kar ki saki."

"In ka karye ba ni zan yi jinya ba."

"Tsohon doki mai wayo ne. Ke dai yi naki."

Kafaɗa ta motsa, ta danna. Kyamara ta yi ta ƙat-ƙat-ƙat, ƙwallon da ya jefa ta daki bango ta dawo, Kaka ya yi wani ɗan tsalle, ya dire yana nishi da ƙwallo a ƙirji.

Ta duba. Hoto na huɗu ne ya tsayar da ita. Ga yatsunsa a buɗe, ƙwallo na shirin taɓa su, hula a iska, ƙafafu biyu duk sun bar ƙasa. Ba ta taɓa ganin kakanta da kyau haka ba.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wane ne wannan saurayin?"

"Wani tsoho ne mai ciwon gwiwa. Shayin ne kawai ban gani ba."

Ya fashe da dariya, ya goge ido da bayan hannu, sannan ya danƙa mata ƙyallen tabarau ɗinsa.

"Ungo, ki riƙa goge wa kyamarar ido, gobe akwai aiki. Kin ci ni ɗaya da nema, Amarya. Shekara goma sha tara ina kama ƙwallo, sai yau aka samu wadda ta kama ni."