Ranar Da Wandona Ya Ba Da Shaida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban alƙali a Ƙonni ba, ko da yake wutar lantarkin da ta kama ni ta kwashe mini rabin tunani. Abin da nake so in manta shi ne kaɗai ta bar mini.

Amalanken jaki gare ni, ruwa nake kai wa shaguna. Wani Alhaji mai sayar da ƙanƙara ya ja wayar kuran, wato lantarki, daga gidansa zuwa shago, tsirara, bisa dangar kwano. Na dafa dangar da jiƙaƙƙen hannu. Sai a gidan likita na farka.

Hannun dama ya ƙone. Yatsu uku sun daina lanƙwasawa. Zuciya ta riƙa bugawa kamar ana sussuka. Jarka ta gagare ni ɗauka. Kai, ko mazagin wando ba na iya ɗaurewa, matata Hadiza ke ɗaure mini kullum (wannan a lokacin ban gaya wa kowa ba). Alhaji ya aiko da sukari da lemo, wai ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta ja wayar? Na kai ƙara don ya biya magani da abin da yara za su ci.

Ranar shari'a surukina ya taso daga Bazaga don ya raka ni. Yana zaune tsakar gida Hadiza ta yafuto ni ɗaki. Na ƙi. Ubanta na waje, in tsaya 'yarsa na ɗaure mini wando? Na ƙulla da hagu.

"Wanga ƙulli ba ya kai ka bakin titi," in ji ta.

Na ce ta bar ni.

A kotu alƙali ya dube ni ya ce, "Malam, ya jiki?"

To, ku faɗa mini. Tun da aka haife ku, wa kuka taɓa ji an ce masa ya jiki ya ce babu sauƙi? Ko mai shure-shuren mutuwa da sauƙi yake cewa. Ga kuma suruki a bayana.

Na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi ƙwarai."

Alhaji ya yi zumbur. "Ranka ya daɗe, ka ji da bakinai! Ya warke. Kuɗina yake so."

(Mutumin da ya kusa kashe ni ne ke kirana maci amana.)

Alƙali ya ce, "Kana iya aiki?"

Nan ya kamata in ce a'a. Amma namiji ya ce ba ya iya ciyar da 'yar mutane, gaban uban da ya ba shi ita? Na ce, "Ana taɓawa."

"Ɗaga hannuwanka mu gani."

Ashe tun daga ƙofa hannun hagu ne ke riƙe da ƙugu. Na ɗaga. Wando ya sauka har idon sawu.

Jandarman da ke bakin ƙofa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Na duƙa, na ja, na yi ta kokawa da mazagi. Yatsun suka ƙi. Kowa na kallo. Surukina, dattijo mai furfura, shi ya taso ya ɗaure mini.

Yana ƙullawa yana cewa a hankali, "Kai ɗan nan, mi ya hana ka faɗi?"

Alƙali ya ce, "A gida wa ke ɗaure maka?"

Na ce, "Iyali."

Ya dubi Alhaji. "Wannan ne wanda ya warke?"

An sa shi biyan magani da diyya, an kuma sa ya sauke wayar. Hannun bai dawo ba. Shi yana nan yana sayar da ƙanƙararsa, ana ce masa Alhaji. Ni kuwa daga tasha har kasuwa sunana ya koma Mai Mazagi. Wanda ya ja wayar ba a laƙaba masa komai ba.

Yanzu wando mai roba nake sawa. Kuma in ka ce mini ya jiki, nemi wuri ka zauna. Duka zan gaya maka.