Farfesa Sikolashif na Kantin Kwari

Allah ya yi wa Fagge baiwa da ya ba ta Alhaji Bahauddeen Mai-Shadda. Shadda yake sayarwa a Kantin Kwari, amma wannan don rufa wa jama'a asiri ne kawai. Ainihin aikinsa shi ne haska wa ɗalibai hanyar samun tallafin karatu.

Ilimin nan a sararin samaniya ya samo shi. Wata shekara za shi China saro kaya, aka zaunar da shi a jirgi kusa da wani malamin jami'a. Malamin barcinsa ya sha har suka sauka, amma Alhaji ya dawo gida da ilimi fal cikinsa. Maƙwabtan shagonsa suka raɗa masa Farfesa Sikolashif, wato masanin tallafin karatu. Su da wasa suka faɗa, shi kuwa ya sa aka rubuta masa a gilashin mota.

Da lokacin neman tallafi ya zo, Farfesa ya kama zauren taro a Sabon Gari, aka manna hotonsa a bayan adaidaita sahu. Ɗalibai suka cika wurin, wasu don ilimi, galibi don an ce akwai lemo da cincin. Ya shigo cikin babbar riga mai sitaci, tana ƙara tun kafin shi ya buɗe baki.

"Yarana," in ji shi, "rawar jiki ce ke kashe ku. An buɗe shafin neman tallafi a intanet yau, gobe kun tura takardu. Wa ya taɓa ganin babban mutum ya riga kowa zuwa wurin biki? Ku bari sai sun fara cigiyarku!"

Chinedu, ɗan wani mai gyaran janareto, ya ɗaga hannu. "Alhaji, sun ce tallafin na 'ya'yan marasa ƙarfi ne. In rubuta sana'ar babana?"

"Subhanallahi! Ka tona wa mahaifinka asiri a gaban baƙi? Ka ce injiniya ne mai kamfani. Ni in ka shigo shagona da silifas, ko kujera ba zan ba ka ba." Ya gyara hula. "Sannan ku sa Turancinku ya yi nauyi. Muddin suka gane abin da kuka rubuta, sun raina ku. A ƙasa kuma ku sa: yaron Alhaji Bahauddeen. Sun san ni a can."

Ba wanda ya tambayi inda "can" ɗin yake. Cincin ya riga ya iso.

Shawara ta yi aiki yadda ya kamata. Waɗanda suka jira a yi cigiyarsu sun tarar an rufe shafi. Chinedu kuwa aka amsa masa cikin ladabi cewa ɗan mai kamfani ya daure ya bar wa mabuƙata. Da aka kai wa Farfesa ƙorafi, ya girgiza kai cike da tausayi. "Hassada ce. Sunana suka gani suka firgita."

Ana cikin haka labari ya ɓulla cewa Ujunwa, 'yar wata mai sayar da kwanuka a Kasuwar Sabon Gari, ta samu cikakken tallafin karanta haɗa magunguna. Kafin uwarta ta gama murna, Farfesa ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya tara iyayen yara, ya aika a ɗauko yarinyar.

"Ga ɗalibata!" ya faɗa cikin lasifika. "A layin gaba ta zauna, ko tarina sai da ta rubuta. Ujunwa, 'yata, faɗa wa iyayen nan wace shawarata ce ta fi yi miki amfani."

Ujunwa ta karɓi makirfo da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Baba, ka yi haƙuri, ban samu zuwa laccar ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni ranar. Da na warke, sai na rubuta gaskiyar halinmu na tura da wuri."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Can daga baya Malam Almu, wani tela mai 'ya'ya a ajin ƙarshe na sakandare, ya miƙe. "Farfesa, don Allah yaushe ne lacca ta gaba?"

Fuskar Alhaji ta washe. "Kun ga mai hankali! Malam, kujerun gaba zan ajiye wa yaranka."

"A'a, ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. So nake in san ranar da zan kulle su a gida."