Keken Alhaji Ilu Ba Zai Je Maraɗi Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, Malam Maidaji na Maraɗi, mazaunin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, musamman 'yan kasuwar takalma na Zhanxi Lu da masu zuwa baje kolin Pazhou, rasuwar keken da yake hawa, wanda kowa ya sani da suna Dattijo. Marigayin ya rasu wata ranar Talata da hantsi, mako uku da suka wuce, yana da shekara goma sha uku a bakin aiki, ba tare da ya kwanta jinya ko ta wuni ɗaya ba. Maidaji ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Daga baya aka nuna masa, a gaban jama'a, ana tafi. A yi masa uzurin jinkirin wannan sanarwa, sai yanzu bakinsa ya iya faɗa.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙin keke ne mai nauyi, irin na da, mai faffaɗan sirdi da kariyar ƙarfe a baya. Asalinsa ba na Maidaji ba ne. Na ubangidansa ne, marigayi Alhaji Ilu, mutumin da ya tarbe shi a garin nan ranar da ya sauka bai san gabas ba bai san yamma ba, ya ba shi tabarma, ya koya masa yadda ake duba ɗinkin takalmi da yadda ake ce wa mai shago “lawban”, wato maigida, ko da kuwa ka haife shi. Shekara goma sha ɗaya Alhaji Ilu yana kan wannan keke. Da Allah Ya karɓi abinsa shekara biyu da suka wuce, a nan aka yi masa sutura, a maƙabartar Musulmi ta garin nan, domin babu halin kai shi gida. Uwargidansa, Hajiya Fasuma, tana Maraɗi. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba.

Keken ma ba ta taɓa ganinsa ba. Muryarsa kawai ta sani. Alhaji yana da wata ɗabi'a da aka yi ta yi masa faɗa a kanta bai bari ba: kullum in ya taso daga kasuwa sai ya kira Hajiya yana tafe, waya a aljihun gaba, yana ratsa mutane yana danna ƙararrawa. Ƙiriring-ƙiriring! Shekara goma sha ɗaya tana jin wannan ƙara a kunnenta kafin ta ji sallamar mijinta. Da aka gama zaman makoki, aka tambaye ta abin da take so a aiko mata daga kayansa, ba ta ce riga ba, ba ta ce agogo ba. Keken ta ce. Sai dai ta ƙara da cewa Maidaji ya ci gaba da hawa har ya samu nasa, tunda da shi yake neman abinci. Amana ke nan, kuma a gaban shaidu Maidaji ya karɓa. A bana ya ga ya kamata a sauke ta, ya roƙi Alhaji Mahamadou, ɗan Maraɗi mai lodin kaya, ya bar wa Dattijo gurbi a kwantenar da za ta tashi bayan baje kolin kaka. An bar masa, har an auna.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ya ɗauki kwalin takalma goma sha huɗu a tafiya ɗaya, Maidaji a gaba ba ya ganin bayansa, kuma bai taɓa zubar da ko ƙafa ɗaya ba. Ya sha ruwan saman garin nan da ba ya sallama kafin ya sauko. Ya kwana a gindin bene babu rufi, da safe a goge masa sirdi da gefen riga ya tashi. Ba ya shan mai, ba ya neman caji, ba ya neman komai sai ɗan baƙin mai a sarƙa ranar Juma'a. Yana da 'yan larurorinsa na tsufa, ba a ɓoye ba: fedar hagu tana cewa ƙyas, ƙyas, duk zagaye, birkin baya kuma in an taka shi sai ya yi ƙiiii har masu shago su leƙo. Amma wallahi ko ɗaya daga cikinsu ba na mutuwa ba ne. Da an bar shi, da ya ƙara wata goman.

Ajalinsa ya zo ne da murmushi, ɗauke da kyamara. Wasu matasa ne masu shirya wani shirin talabijin, irin wanda ake bin mutanen gari ana ɗaukar rayuwarsu, suka hango Maidaji a bakin wata kasuwa da lodinsa ya fi shi tsawo. Suka tsayar da shi, suka kawo wata yarinya tafinta mai fara'a, ta ce suna so su nuna shi da kekensa na kwana uku. Allah Ya sani, ba son a san shi ne ya sa Maidaji ya yarda ba. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne, Hajiya za ta ga Dattijo yana tafiya a titunan da Alhaji ya bi, kafin ya iso mata a kwance cikin kwantena. Aka miƙo takarda shafi huɗu da rubutun Sinanci. Yarinyar nan, a yi mata adalci, ta yi bayani da Turanci, ta yi ta yi. Shi kuma Maidaji Faransanci ya ɗan taɓa a makaranta, Turancinsa na ciniki ne, iyakarsa nawa, rage, kawo. Amma ina! Babban mutum da gemu ya ce wa 'yar cikinsa bai gane ba, a gaban mutum takwas suna kallonsa? Kunya ta hana. Ya yi ta gyaɗa kai yana “to, to”, ya sa hannu.

Kwana uku suka yi suna wahalar da bayin Allah biyu. Suka ɗora wa Maidaji hular kwano mai ramuka, da baƙin tabarau, da safar hannu marar yatsu. Suka kawo wani ɗamammen gajeren wando na 'yan tsere, ya dube shi ya dube su, ya ce wannan kam sai dai a ƙarƙashin wandonsa, kuma a haka ya sa shi, yana zufa. Wata gada mai tudu sau shida aka sa su hau, wai hasken rana bai yi daidai ba. Dattijo bai yi gardama ba, ƙyas, ƙyas, ya hau. A rana ta biyu mai ɗaukar sauti ya ɓata rai, ya ce ƙararrawar tana kaɗawa da kanta in an faɗa rami, tana ɓata masa aiki, a cire. Maidaji ya ji zafin abin, don ita ce muryar marigayin, amma ya kwance ta ya jefa a aljihu. A ransa har ya yi wa mutumin Allah ya isa. Yanzu ya janye, har addu'a yake yi masa.

Ranar Talata da safe suka ce a bar musu keken za su wanke shi. Da la'asar suka kai Maidaji wani babban zaure cike da 'yan kallo, suka ɗaure masa ido, suka hau da shi dandamali. Da aka kwance ƙyallen, sai ga wani sabon keke ja yana sheƙi, siririn taya, marar nauyi, da ƙaton kintinkiri a wuya. Kyauta ce, tasa ce. A bayansa kuma, a wani makeken allo, ana nuna abin da aka yi da hantsi. Ashe al'adar shirin ke nan, kuma ita ce a shafi na uku na takardar da ya sa wa hannu: a ba talaka sabo, tsohon kuma a yi masa bankwana. Maidaji ya ga Dattijo a tsaye shi kaɗai, an haska shi da fitila, ana kiɗa mai taushi. Ya ga wani inji ya sauko a hankali. Marigayin bai yi ƙara mai yawa ba. Ƙaƙas, ya ce, sau ɗaya, sai tayar gaba ta yi fus. Da injin ya ɗaga, abin da ya rage dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, bai fi kwalin takalmi biyu ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawaye suka ɓalle wa Maidaji, irin waɗanda bai yi ba ko ranar da aka sa Alhaji a rami. Jama'a kuwa suka miƙe tsaye suna tafi, wasu mata suna share ido, wai ga baƙo yana kukan murna. Mai gabatarwa ya rungume shi, ya kai masa abin magana baki. To me zai ce? An yi maka kyauta a bainar jama'a, da zuciya ɗaya, kowa yana jiran godiyarka. A gidansu ba a koya masa mayar da alheri ba. Ya ce “shiye-shiye”, na gode ke nan, har sau uku. Wannan kalma ita ta fi komai ci masa rai a yau.

Bai zauna ba. Sau uku yana zuwa ofishinsu, da hular kwanon a hannu ko za su tuna shi, yana roƙon a ba shi ko da dunƙulen ne. Sun tuna shi sarai, har hoto suka ɗauka da shi, suka ba shi shayi. Amma amsar ɗaya ce, “meyo”, babu. Ba mugunta suke yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Sun kasa gane abin da mutum zai yi da tsohon ƙarfe alhali an ba shi sabo, shi kuma ya kasa samun kalmomin da zai faɗa musu cewa akwai wata tsohuwa a Maraɗi. An riga an liƙe dunƙulen a bangon ɗakin shirin tare da 'yan'uwansa arba'in da wani abu.

Marigayin ya bar famfo ɗaya mai tsagaggen tiyo, da kwaɗo da makullinsa waɗanda ba su da abin kullewa, da gwangwanin faci, da robar ɗaure kaya guda biyu, ta ukun, koriya, ta tafi tare da shi. Ya bar Maidaji, wanda yanzu a ka yake ɗaukar kwali, domin jan baƙon nan ba shi da kariya, ba shi da inda za a rataya ko leda, yana jingine a ɗaki da kintinkirinsa ba a kwance ba. Ya bar gurbi a kwantenar Alhaji Mahamadou. Ya bar ƙararrawa.

Ya kuma bar Hajiya Fasuma, wadda har yanzu ba ta sani ba. Guntun hoton da ya zaga wayoyin mutane har ya kai Maraɗi an yanke shi, Maidaji kawai ake gani yana kuka a jikin sabon keke. Shekaranjiya ta kira shi, muryarta fes, rabon da a ji ta haka tun Alhaji yana da rai. “Maidaji ɗana, na gani, Allah Ya sanya alheri,” in ji ta. “Ka ga yanzu ka samu naka, sai ka turo mini nawa. Na sa an share ɗakin Alhaji, nan zai zauna.” Maidaji ya riƙe waya, ya dubi bango. “To, Hajiya,” ya ce. Tun daga lokacin bai ci abin kirki ba.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa babu gawa. Masu son ziyara za su iya ganin makwancin marigayin duk ranar Asabar da ƙarfe bakwai na yamma a talabijin, a bangon da ke bayan mai gabatarwa, jeri na uku, na biyar daga hagu. Za a gane shi da ɗan guntun koriyar roba da ya leƙo. An tambayi malamai, sun ce ba a yi wa keke salla, kuma Maidaji bai ja ba. Zai dai tsaya a bakin titin Guangta ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, domin karɓar gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa, don girman Allah, su daina yi masa barka. Wanda yake da bukatar jan keke ya zo ya ɗauka, har da hular da wandon.

Ƙararrawar kuwa an naɗe ta a cikin hular Alhaji Ilu. Abdoulaziz, ɗan unguwarsu Hajiya, zai tafi da ita a jakar hannu ranar Lahadi, ta Yamai zuwa Maraɗi, tare da kwafin wannan sanarwa, domin Maidaji ya gwada kiran waya sau tara yana kashewa kafin ta shiga. Kada kowa ya riga shi tura mata. Abdoulaziz ya je da kansa, ya yi sallama, ya jira ta zauna, ya karanta mata tun daga farko, sannan ya miƙa mata hular. Kuma Maidaji yana roƙonsa abu ɗaya, ya riƙe jakar da kyau in ya zo tsallaka kwatar ƙofar gidan, domin ƙararrawar tana kaɗawa da kanta in an girgiza ta. Kada Hajiya ta ji ta daga cikin gida. Za ta fito da gudu.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ilu, Ya ba Hajiya Fasuma haƙuri, Ya sa ta yafe wa Maidaji.