Yadda Za Ka Ɗaura Bambar Tsohuwar Motar Baba Ba Tare da Ka Gama Ba

Ɗaura bambar mota aikin yini guda ne, har da hutun cin abinci. Kowane bakanike ya san haka. Amma in ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka shekara kana abu ɗaya, bambar tana jingine da bango, kuma ba wanda zai kira ka malalaci.

Darasin nan naka ne, kai da mahaifiyarku ta rasu, Baba ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Likita ya ce ya riƙa fitowa, Yayarku da ke zaune da shi ta yi lallashi har ta gaji, ko leƙowa bai yi ba. Sai ranar da ka yaye tamfol daga kan tsohuwar motarsa a gareji, ya ji motsi, ya fito ya ce maka ba haka ake buɗe bonet ba. Tun daga nan kowace Asabar yana kan kujera a bakin gareji yana gyara maka kuskure. Inji ya tashi, fenti ya bushe. Saura bamba, wato dogon farin ƙarfen nan mai ƙyalli na bayan motar. Ranar da ka ɗaure notinta na ƙarshe, Baba zai koma ɗaki. Kana tsoron ranar nan, kuma kana da gaskiya.

Mataki na 1: Fara da tsatsa

Shimfiɗa tsohon bargo, ka kifa bambar a kai. Tsatsa ta ciki take cin ƙarfe, wajen da ido ba ya kaiwa. Masu hankali da buroshin waya suke kankare ta. Kai nemi tsohon buroshin haƙori.

Baba zai miƙo wuya ya ce, "Wai da me kake goge abin nan?"

"Kar in karce ta ne, Baba."

"Ciki ne fa. Wa zai gani?"

Ka ce, "Ni zan sani." Zai yi tsaki, amma da yamma zai gaya wa Yaya cewa ashe ka fara hankali.

Mataki na 2: Nemi mai shafen da ba ya cika alkawari

Ƙyallin bamba ba fenti ba ne. Kurom ake ce masa, kuma akwai masu sana'ar tsoma ƙarfe a ruwan magani ya fito yana ɗaukar ido. A cikinsu akwai masu tsoron Allah, waɗanda in sun ce gobe to goben ce. Guje su. Nemi wanda bambobin mutane ke rataye a shagonsa har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsu. In ka tambaye shi yaushe, ya ce "jibi" bai ko ɗago kai ba, ka samu naka.

Kada ka riƙa zuwa bin sawu kai kaɗai. Ɗauki Baba. Zai tsaya a ƙofar shagon ya wanke mai shafe tas, ya ba shi tarihin yadda ake aiki a da, ya dawo gida da yunwa. Yaya za ta kira ka a waya.

"Kai, me ka yi wa Baba? Ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari."

"Faɗa ya yi."

"To Allah ya ƙara."

Mataki na 3: Raina abin da aka kawo

Ko mai shafe yana da ranar da kunya ke kama shi. In ya gama, fito da bambar tsakiyar rana, ka durƙusa, ka kanne ido ɗaya. Kurom ba ya rufa wa ƙarfe asiri, duk ramin da tsatsa ta bari sai ya nuna shi. Nemo ɗigo ko da ƙanƙantarsa ta kai ƙwayar yashi. Kada ka ce komai, ka dai ɗora yatsa a wurin ka yi ajiyar zuciya. Baba zai sa tabarau, ya duba, ya ce a mayar. Hukuncinsa ne, ba naka ba.

Mataki na 4: Sayo notin da ba shi ba

Notin bamba kansa a mulmule yake, yana ƙyalli kamar ita, kuma wuyansa mai kusurwa huɗu ne don ya zauna daram a raminsa. Ka haddace wannan da kyau, don kada ka yi kuskuren sayo shi. Kawo na gama-gari, baƙi, mai kan sifana.

Baba zai juya shi a tafin hannu ya ce, "Wannan ai na gadon ƙarfe ne. Tashi mu je, tunda aike ma ba ka iya ba."

Ku bi layin masu kayan tsofaffin motoci shago-shago. Tafi a hankali, ka bar shi ya tsaya gaisawa da duk wanda ya gane shi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma daɗewar muke nema. In kun samo notin, manta da 'yar robar da ake sawa a ƙarƙashinsa. Ita kaɗai ta isa wata Asabar ɗin.

Mataki na 5: Gwaji

Ƙa'idar aiki ita ce a rataya bambar, a ɗaura kowane noti sako-sako da hannu, a daidaita tazarar hagu da dama, sannan a bi su da sifana kaɗan-kaɗan, don in an matse da ƙarfi kurom yana tsagewa. Kai fara matse gefe ɗaya tamau. Ɗayan zai ɗaga da kansa.

Sa Baba ya ja baya ya duba, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zai ce ɗaga, ka ɗaga fiye da kima. Zai ce sauke, ka sauke har ƙasa. In rana ta yi sanyi, ka ce bai kamata ta kwana a karkace ba, ka kwance ta ka mayar jikin bango.

Mataki na 6: Kare kanka daga masu son taimako

Babban abokin gabarka shi ne mijin Yaya, mutumin kirki. Zai zo ya tsaya hannu a aljihu ya ce yana da wani bakanike da zai gama wannan kafin shayi ya huce. Kada ka yi musu da shi. Juya kawai ka ce, "Baba, wai ya ce aikin ya fi ƙarfinmu." Ka koma ka ci gaba da goge-gogenka. Ba zai sake tayar da maganar ba, kuma zai rage zuwa ranar Asabar.

Mataki na 7: In dabara ta ƙare

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata Asabar komai zai zauna daidai ba da son ranka ba, Baba ya ce, "Ɗaure." Ɗaure. Goge ta da tsumma mai laushi har ka ga fuskokinku biyu a ciki, sun baje kamar faranti. Baba zai daɗe yana kallo, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"To, an gama," zai ce. "Asabar mai zuwa ke nan kana gidanka."

A nan za ka tuna cewa kafin motar nan, ba ka taka gidan sai an ce wani ba shi da lafiya. Kunya za ta kama ka, da tausayi. Haɗiye su, akwai sauran aiki. Shiga motar ka tayar, ka leƙo ta taga.

"Baba, ku duba mini baya in fito da ita."

Zai je ya tsaya kusa da ginshiƙin ƙofar gida, ya ɗaga hannu. "Taho. Taho. Akwai wuri."

Kana ganin ginshiƙin ƙarara a madubi. Shi ma yana ganinsa. Kada ka nuna wayo, ɗa na gari ba ya musu da mahaifinsa.

"Taho mana!"

Ƙarar ba ta da yawa, kamar murfin tukunya ya faɗi. Baba zai sunkuya, ya shafa lotsawar da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Kai dai ba ka taɓa iya tuƙi ba. Wannan sai an kwance ta gaba ɗaya. Ka zo da wuri ranar Asabar."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a lotsewar bamba, tsagewar ginshiƙi, fushin mijin Yaya ko hawan jinin mai shafe. Bai san motarku ba, bai san gidanku ba, in an kira shi shaida zai ce yana tafiya. Wanda kuma babansa ya ce masa taho, ya taka birki, shi ya jiyo.