Jami'a Ba Ta Yunifom

"...Ina gajiya? Ina zaman shago? Ya tsufa, ya sake ka ko yana nan riƙe da ƙugu?"

Iklima ce durƙushe a bakin shagon kakanta, Malam Ɗanliti tela, a Ƙofar Guga. Jibi za ta tafi Maiduguri, inda jami'a ta ba ta gurbin karatu. Tun ranar da aka sa ta makaranta ba telan da ya taɓa ɗinka mata yunifom sai shi, kuma duk unguwa an san da wannan yake taƙama. Tun da ya ji zancen tafiyar nan tuwo ya daina yi masa daɗi, amma ko za a yanka shi ba zai amsa ba.

"Lahiya lau, mai ƙafar yawo," in ji shi, yana ta taka keke. "Ina yadin?"

"Wane yadi kuma?"

"Na sabuwar makarantar. Wace kala suka ce? Kada ki kawo mani shi a ƙurarren lokaci kamar yadda kika saba."

"Tsoho, ai jami'a ba a yunifom. Kowa kayan gida yake sawa."

Malam Ɗanliti ya ɗauke ƙafa daga keken.

"To kasuwa aka ɗauke ki, ba makaranta ba."

"Abin da yaro ya gano a birni, tsoho ko ya hau benci ba ya hango shi."

"Ji marar kunya, har da juya karin magana. Ni za ki gaya ma boko? Shekara shida na firamare, shuɗi da fari, ni na yi. Kika shiga ƙaramar sakandare aka ce kore, na yi shekara uku ina kwance kalmasa. Aka kai babbar sakandare suka ce ruwan toka, nan ma uku. Duk matakin da yaro ya taka sai an nemi tela. Sai da aka zo ƙoli za a ce ba ni a ciki?"

"Ƙila labarin wandon da ka yi mani a aji ɗaya ne ya kai masu. Mu biyu muke shiga da ƙawata, har da sauran wurin ajiye littattafai."

"Wurin girma na bar maki, ke kika ƙi girma. Har yau kina nan kamar tsinken tsire."

"Gado ba karambani ba."

"To mi za ki karanta da sai an ƙetare jihohi? Ga jami'a nan hanyar Batagarawa, ki je ki dawo tuwo bai huce ba."

"Can makin jarrabawata ya kai ni. Ilimin duwatsu zan yi."

"Duwatsu? Ga dutsen guga nan, zauna ki karance shi kyauta, in ba ki digiri da almakashi."

Iklima ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki wani ƙyalle ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa.

"Duk ƙarshen dogon hutu na san za ki zo in auna ki," ya ce a hankali. "Ina jin maganarki tun daga bakin titi. Yanzu mi zai kawo ki shagon nan?"

Iklima ta ƙura masa ido. Kewarsa ta kama ta tun tana gabansa.

"Shekara nawa ne ma?" ya tambaya.

"Huɗu. In ba a yi yajin aiki ba."

"Huɗu. Ni da kafar allura ta fara ɓuya mani. Sai dai wani telan."

"Ba inda za ka," ta ce. "Wa ya ce maka an gama? Bayan jami'a akwai bautar ƙasa. Kaki ake ba mutum, ɗinkin kowa da kowa, ba awo, sai an rage. Wallahi ba telan da zai taɓa nawa. Haka zan ja shi kamar buhun gero, duk wanda ya tambaya in ce ni jikar Malam Ɗanliti tela ce, Ƙofar Guga, Katsina."

"Ki ɓata mani suna a jihar mutane?"

"Sai ka zaɓa. Ko ka jira ni, ko a yi da kai har Kudu."

Tsohon ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya goge ido da ƙyallen, ya ce ƙurar yadi ce.

"Kin ci ni, ja'ira. Zan jira kakin."

Ya jawo aljihun keken, ya fito da gwangwanin allurai da ƙullin zare, ya tura mata.

"Zauna ki zura mani su duka. Kuma ki ja zaren da tsawo, hutunku da nisa."